Masu Reno da Barorin Turawa a Katunan Hoto na Indiya

Katunan wasiƙa masu hoto sun yi tashe a Indiya daga ƙarshen shekarun 1890 zuwa 1914, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Wani babban kaso daga cikinsu hotunan masu aikin gidajen Turawa ne: kuku, mai wanki, mai shara, mai kula da doki, mai ɗebo ruwa da salka, da kuma mai renon yara, wadda ake kira ayah.

Kasuwar ta ƙara haɓaka bayan 1902, da gidan waya na Birtaniya ya yarda a raba bayan kati biyu, saƙo a gefe guda, adireshi a ɗayan, hoto kuwa ya cinye gaba ɗungurungum. Kamfanoni irin su Higginbotham na Madras, Clifton na Bombay da Moorli Dhur na Ambala sun fitar da su jeri-jeri. Da yawa a Jamus aka buga su, shi ya sa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karya wannan ciniki. Masu saye galibi sojoji ne da ma'aikatan mulki da matansu, suna aikawa gida don dangi su ga irin daular da ake ciki.

Hoton ayah kusan tsari ɗaya gare shi. Za ka gan ta cikin farin sari, sau da yawa ba takalmi, tana riƙe da ɗan Bature ko tana tsaye kusa da keken tura jariri, a gaban labulen ɗakin ɗaukar hoto. Uwar yaron ba kasafai take fitowa ba. A ƙasa sunan aikin kawai ake bugawa, ko a ƙara sunan gari. Sunan matar babu. Wannan ba mantuwa ba ce, don abin da ake sayarwa samfurin baranyar gida ne, mai biyayya, wadda kowane mai saye zai iya cewa tasa ce. Maza barori ma sun fi shan wulaƙanci: akwai katunan barkwanci da ke nuna boyi ya miƙe ƙafa a kujerar maigida yana shan giyarsa. Ba Turawa kaɗai suka yi aikin katunan ba. Mai zane ɗan Indiya M. V. Dhurandhar, wanda ya yi aiki a Bombay, shi ma ya zana ayah a kati.

Abin da katunan suka ɓoye shi ne tafiye-tafiyen matan nan. Da yawa sun raka iyalai a jirgin ruwa zuwa Ingila, wasu aka sallame su a can ba kuɗin komawa. Irinsu ne suka riƙa fakewa a Gidan Ayah na Landan, wanda ya koma unguwar Hackney a 1900. A 2022 hukumar English Heritage ta manna shuɗin allon tunawa a ginin. Yau masana tarihi na bin katunan da saƙonnin da aka rubuta a bayansu, suna haɗa su da takardun fasfo da jerin fasinjojin jiragen ruwa, inda a nan ne wani lokaci sunayen matan ke fitowa.