Me ya sa Sinawa suka ce fushi a hanta yake zama?

1/ Bidiyoyin "danna nan, fushi zai tafi cikin minti biyu" sun cika TikTok, kuma da yawansu sai su ce ilimi ne na shekara 5,000. Na zauna na bi tarihin wannan tausa ta Sinawa. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara da lissafin. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An samu rubutu a kan siliki da ke bayanin hanyoyi 11 a jikin mutum. Babu zancen allura, ganye ake ƙonawa a ɗumama wurin. Shekara 2,200 ke nan, ba 5,000 ba.

3/ Bayan haka aka haɗa littafin Huangdi Neijing a zamanin daular Han. Hanyoyin suka zama 12, ana cewa wani ƙarfi mai suna qi, da ake furtawa "chi", yana gudana a cikinsu. Littafin ya raba wa gaɓɓan ciki halaye: fushi na hanta, murna ta zuciya, yawan tunani na saifa, baƙin ciki na huhu, tsoro na ƙoda.

4/ Kada wani ya yi dariya. Mu ma idan mutum ya tsorata cewa muke hantar cikinsa ta kaɗa, idan ya fusata mu ce ya yi zuciya. Kowace al'umma ta nema wa halaye mazauni a jiki.

5/ To a nan ne ake ruɗewa. "Hantar" da suke nufi ba lallai ita ce wadda likita ke gwadawa da jini ba. Aiki suke nufi: abin da ke sa qi ya gudana lafiya. Idan ya cushe, a ganinsu, sai saurin fushi, yawan ajiyar zuciya da ƙuncin haƙarƙari. Don haka mai saurin fushi kada ya ɗauka ciwon hanta gare shi.

6/ Guraben da ake dannawa:
• Taichong: a bayan ƙafa, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi
• Hegu: tsokar da ke tsakanin babban yatsan hannu da manuniya
• Yintang: tsakanin gira biyu
Biyun farko, dama da hagu, su ake kira "ƙofofi huɗu".

7/ A 1027, zamanin daular Song, likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla masu ɗauke da guraben. Ana ba da labarin cewa akan shafe su da kakin zuma a cika su da ruwa. Ɗalibi ya soka daidai, ruwa ya fito. Ya kuskure, ya faɗi jarabawa. Mu da ke kukan CA mu gode Allah 😅

8/ Sinawa da kansu sun sha juya wa abin baya. A 1822 Sarki Daoguang ya hana koyar da sokin allura a makarantar likitocin fada. A 1929 hukumar lafiya ta amince da shawarar soke maganin gargajiya, sai da masu sana'ar suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris aka janye.

9/ Tsarin da muke gani yau gwamnatin Mao ce ta daidaita shi. Likitocin zamani sun yi ƙaranci, sai a 1956 aka buɗe kwalejoji huɗu a Beijing, Shanghai, Guangzhou da Chengdu, aka tace koyarwar ta zama manhaja ɗaya.

10/ Amurka kuwa ta waye da shi sosai a 1971, lokacin da ɗan jaridar New York Times James Reston ya rubuta yadda aka soka masa allura don rage ciwo bayan tiyatar afendis a Beijing.

11/ Kimiyya fa? Masu nazarin jikin ɗan Adam ba su ga waɗannan hanyoyin ba. A gwaje-gwaje da dama, danna gurbin "gaskiya" da danna wani wuri daban ba su cika bambanta sosai ba. Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne gurbin Neiguan na cikin wuyan hannu, shi ma don tashin zuciya ne.

12/ A nawa ganin, wanda ya zauna minti biyu yana danna hannunsa yana jan numfashi a hankali, ya riga ya jinkirta baƙar maganar da zai mayar. Wannan kaɗai riba ce, kuma kyauta. Sai dai su kansu masu ilimin sun hana mai juna biyu danna Hegu.

13/ Magungunan sha ne ake taka-tsantsan. A farkon shekarun 1990, mata da dama a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda daga maganin rage ƙiba da aka haɗa da tsiron Aristolochia. Ganye ma yana illa.

14/ Idan ɓacin rai ya kai makonni, barci ya ƙi, abinci ya fita a rai, ko kana tunanin cutar da kanka, don Allah a je asibiti, danna yatsa ba zai wadatar ba. Ku tura wa wanda ke yawan turo muku irin bidiyon nan.