Dalar Mariya Tereza da Shekarar da ke Jikinta

Wanda ya gaji tsohuwar dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ya ga an rubuta 1780 a jikinta, yakan ɗauka ya tsinci dami a kala. Sai dai wannan shekara ba ta nuna lokacin da aka buga kuɗin. A 1780 sarauniyar ta rasu, amma fataken Yaman da Habasha da bakin Sahara sun riga sun amince da dalar, ba sa son a taɓa kamanninta, shi ya sa aka ci gaba da buga ta da shekarar nan. Daga 1935 an buga ta a Roma, sannan Landan da Faris da Bombay, har gobe kuma ana buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya. Adadinta ya haura miliyan 300. Mu ma ta iso mu ta hanyar ayari: da wani matafiyi Bature mai suna Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya da wuri 2,500.

Don haka masu tara tsofaffin kuɗi ba shekara suke dubawa ba. Suna bin siffar haruffa, da rubutun gefe, da ƙwayoyin lu'ulu'un da ke jikin adon sarauniyar, don su gane gidan da ya buga ta da zamaninsa. Bugun farko-farko ne ke tsada, saboda ƙarancinsa. Sauran kuwa farashinsu bai yi nisa da na azurfar da ke cikinsu ba, wajen giram 23 cikin nauyin giram 28.

Wani zai ce ai dalar da ta zaga Kasuwar Kurmi, maƙeri ya huda ta, ta zama abin wuyan amarya, ta fi sabuwa tarihi. Gaskiya ne, kuma a ganina gidan da ke da irinta ya riƙe ta. Amma mai saye ba ya iya tabbatar da wannan labari, huji da goguwa kawai yake gani, su kuwa rage kuɗi suke yi. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne, domin 'yan kasuwar da can ma sukan ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'un, su mayar da dalar da ta goge. Abin takaici shi ne yadda magada ke dirje ta da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli kafin su kai ta kasuwa, alhali dirzar tana kankare alamomin da za a gane asalinta da su.