Madannai Goma Sha Biyu da Cikakken Allon Haruffa: Tarihin Ƙananan Salula a Ƙasar Agiye

Salula irin ta GSM ta fara aiki a Jamhuriyar Nijar a shekarar 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya kafa turakunsa na farko, daga baya Sahelcom da Telecel suka biyo sahu, Orange kuma ta shigo a 2008. Kafin wannan lokaci tarhon kamfanin gwamnati, Sonitel, bai kai layi biyu ga kowane mutum dubu ba, kuma kusan dukansu a ofisoshi da gidajen manyan birane suke. Reso, wato ƙarfin sadarwar da turakun ke watsawa, ya fara ne da birane da garuruwan kan iyaka, sannan ya bazu zuwa manyan kasuwanni. Gidan Rumji da Cadawa da Agiye da Gazawa duk suna kan babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa ta nufi Damagaram, don haka suna cikin wuraren da sabuwar na'urar ta samu hanyar shiga tun kafin ta kai ƙauyukan da ke can cikin tudu.

Wayoyin da suka fara zuwa hannun mutane masu madannai goma sha biyu ne, wato lambobi daga sifiri zuwa tara, da tauraro, da alamar da ake rufe lambar kiredi da ita. Haruffan boko an cusa su ne a kan lambobi takwas bisa wani tsari na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya mai suna E.161, inda 2 ke ɗauke da a, b, c, su kuwa 7 da 9 kowace ke ɗauke da haruffa huɗu. Mai rubutu yakan danna lamba ɗaya sau da yawa har harafin da yake nema ya fito, shi ya sa gaisuwar "sannu", mai haruffa biyar, take cin danni goma sha ɗaya, huɗu daga ciki a kan harafin farko kaɗai. An ƙirƙiro dabarar T9, wadda ke hasashen kalma daga danni ɗaya ɗaya, domin rage wannan wahala, amma da yake ƙamusun da ke cikin galibin wayoyin na Faransanci ne ko Ingilishi, mai rubuta Hausa kashe ta yake yi, domin ba ta ƙara masa komai sai ɓata kalma.

Ɗaya nau'in kuwa shi ne mai cikakken allon haruffa, inda kowane harafi yake da madanninsa. Jerin da ake kira QWERTY, daga haruffa shida na farkon layin sama, ya samo asali ne daga keken rubutun Christopher Latham Sholes wanda kamfanin Remington na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1874; ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna da nasu jerin, AZERTY, wanda akawuna da sakatarorin Nijar suka saba da shi a ofis. Nokia ta ɗora irin wannan allo a kan waya tun 1996, amma BlackBerry ta ƙasar Kanada ce ta mai da shi abin ado da alamar matsayi, musamman a biranen Najeriya wajajen 2010. Da ganin haka Nokia ta sauko da shi zuwa wayoyi masu sauƙin kuɗi: C3 a 2010, Asha 200 mai layi biyu a 2011, da Asha 210 a 2013, masana'antun Sin kuma suka cika kasuwa da kwaikwayonsu. Mai lura zai ga wata alama ta kasuwancin yankin a jikin waɗannan wayoyi, domin wadda aka tanada don kasuwar ƙasashe masu Faransanci takan zo da AZERTY, wadda kuwa ta hauro daga Kano ko Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa QWERTY ce a kanta.

In da saurin rubutu ne kaɗai ma'auni, da babu gardama, domin cikakken allo ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai tambayar da ta yanke hukunci a ƙasar Agiye ita ce ko mutum nawa ne ke da buƙatar rubutu. A shekarun da salula ke yaɗuwa, manyan da suka iya karatu da rubutun boko a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, a karkara kuma, musamman tsakanin mata, abin ya fi haka ƙaranci. Abin da manomin aya ko ɗan kasuwar wake da riɗi yake so shi ne ya ji nawa tiya take a Maraɗi kafin ya ɗaura kaya a amalanke, kuma wannan magana ce ta baki wadda lambobi goma suka wadatar. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, wanda ya haɗa da shekarar matsananciyar yunwa ta 2005 da ta fi tsanani a jihar Maraɗi, ya nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kira ne ya yi wannan aiki. Har wanda ba shi da kiredi ya samu dabarar bip, wato ya kira ya katse kafin a ɗauka, ɗaya ɓangaren ya fahimci ana nemansa.

Wannan ba ya nufin ƙananan madannan ba su koyar da rubutu ba. A shekarun 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services, tare da Aker da abokan aikinta, ta gudanar da shirin ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka haɗa darasin yaƙi da jahilci cikin Hausa da Zabarmanci da koyon aika saƙo a wayoyi masu sauƙi, kuma ɗaliban da suka samu wayar sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Akwai abin da ya kamata a yaba wa madannai goma sha biyu a nan, domin haruffansu a jere suke bisa tsarin a, b, c da ake koyarwa a aji, alhali QWERTY da AZERTY sun warwatsa su ta hanyar da sai wanda ya saba da keken rubutu ko kwamfuta ke ganewa. Ga sabon ɗalibi, allon da ake yi wa kallon ci gaba shi ne ya fi rikitarwa.

Dalili na biyu da ya sa madannai goma sha biyu suka yi rinjaye shi ne wuta. Babban layin lantarkin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake tasowa, kuma a Gazawa yake rabuwa, amma ƙauyuka da dama da ke kallon turakunsa daga gona ba su da wutar a gida, sai a kai waya wurin mai caji da injin janareta, daga baya da farantin hasken rana, a biya kuɗi kowane zuwa. A irin wannan hali Nokia 1100, wadda ta fito a 2003 aka kuma sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, ta yi daidai da rayuwar mutane: batirinta yakan yi kwanaki, madannanta shafi ɗaya ne na roba da ƙurar hunturu ba ta saurin shiga, ga tocila a kanta. Wayar cikakken allo, mai faffaɗan gilashi mai launi da shiga intanet, ta fi shan batir, madannanta fiye da talatin kuma ƙanana ne ga yatsan da ya wuni riƙe da hauya, in ɗaya ya mutu harafi guda ya fita daga rubutu ke nan. Da Tecno da itel na kamfanin Transsion suka shigo da wayoyi masu layi biyu, da rediyo, da gurbin katin memori, sun biya wata buƙata ta mutanen kan iyaka, waɗanda ke riƙe layin Nijar da na Najeriya a aljihu ɗaya.

A wuri guda dai allunan biyu sun yi tarayya wajen gazawa. Babu ɗayansu da ya tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haruffan da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar, kuma tsarin saƙon SMS kansa bai san su ba: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafin da ba ya cikin jerin GSM sai ya koma 70, kuɗin kuma ya ƙaru. Sakamakon haka tsara guda ta matasa ta saba rubuta Hausa ba lanƙwasa, tana gutsure kalmomi, tana haɗa rubutun Faransanci da na Hausa, kuma wannan sabo ya bi su har wayoyin yau da suke da haruffan a cikinsu. Dubban almajirai da malaman da suka ƙware a ajami kuwa, waɗanda ƙididdigar boko ba ta cika lissafa su cikin masu ilimi ba, allunan biyu duk ba don su aka tsara su ba, kuma wannan rashi ne na gaske ga yankin da makarantar allo ta riga lakwal kafuwa da ƙarnuka.

Cikakken allo ya samu masoyansa tsakanin ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na ƙungiyoyin raya karkara, waɗanda suka shiga Facebook da shi, amma zamaninsa gajere ne. A 2013 WhatsApp ta fito da saƙon murya, wanda ya ba wanda bai iya boko ba damar aika magana mai tsawo cikin harshensa, wayoyin Android masu gilashin shafawa kuma suka yi araha, sai masu rubutun suka koma can. WhatsApp ta daina aiki a BlackBerry a ƙarshen 2017, a Nokia Asha kuma a ƙarshen 2018, sannan BlackBerry ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Mai madannai goma sha biyu ba ta dogara da ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji ba, shi ya sa har yanzu ake sayar da ita sabuwa a kasuwannin Agiye da Cadawa da Tsibiri, da ita ake karanta wa ɗan'uwa lambar karɓar kuɗi a kamfanin aika kuɗi na Nita ko na Al Izza, kuma masu babbar waya da yawa suna riƙe da ita a matsayin ta biyu, musamman tun bayan da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024.