Laburaren Kashim Ibrahim da Arewa House: Yadda Jami'ar Ahmadu Bello ke adana tarihin Arewa

Matasa da yawa sun fi sanin Arewa House da ke Kaduna a matsayin zauren siyasa. A can ne, a watan Oktoban 2022, wasu daga cikin 'yan takarar shugabancin ƙasa, ciki har da Atiku Abubakar da Bola Tinubu da Peter Obi, suka gurfana gaban dattawan Arewa suka bayyana manufofinsu. Sai dai ainihin aikin gidan yana bayan zauren taron. Cibiya ce ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka ɗora wa nauyin tattara takardun tarihi, da adana su, da buɗe su ga masu bincike. Ita da Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru, da tarin rubuce-rubucen hannu na Sashen Tarihi, su ne duwatsun murhu uku da jami'ar ta girka aikin adana tarihin Arewa a kansu.

Bambancin laburare da taskar tarihi

Ana yawan haɗa su a baki, amma aikinsu ya bambanta. Laburare yana tara abin da aka wallafa: littattafai, mujallu, jaridu da rahotanni. Idan kwafi ɗaya ya ɓata, galibi akan samu wani a wani wuri. Taskar tarihi kuwa tana riƙe da takardun da aka samar a yayin gudanar da aiki, kamar wasiƙun ofis, bayanan zaman majalisa, rajistar haraji, hukuncin alƙali, ko littafin da wani malami ya kwafa da hannunsa. Yawancinsu kwafi ɗaya tak gare su a duniya, don haka ba a bayar da aronsu, kuma idan sun salwanta babu madadi.

Tsarin jera su ma daban ne. A laburare akan jera littattafai bisa fanni, ta yadda na shari'a za su zauna wuri guda, na noma wuri guda. A taska kuwa ƙa'ida ita ce a bar takardu a rukunin da suka fito, cikin jerin da mai su ya bar su. Dalili shi ne wasiƙa ba ta cika bayar da ma'ana sai an ga wadda ta gabace ta da amsar da ta biyo bayanta.

Laburaren Kashim Ibrahim

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962. Babban laburarenta yana ɗauke da sunan Sir Kashim Ibrahim, ɗan Borno wanda ya riƙe muƙamin Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. A ƙarƙashinsa akwai rassa a tsangayoyi da cibiyoyi, ciki har da Laburaren Shugaba Kennedy da ke harabar Kongo, wanda ɗaliban shari'a da na sha'anin mulki suka fi amfani da shi.

Kamar sauran laburarorin jami'o'i, aikinsa ya kasu sashe-sashe. Akwai sashen saye da karɓar kyautar littattafai. Akwai sashen rajista, inda ake bai wa kowane littafi lamba a shigar da shi kundin nema. Littafin da ba a yi wa wannan ba, ko yana cikin ginin, tamkar babu shi ne. Akwai sashen aro, da sashen keɓe littattafan da ake rububinsu don a karanta su nan take a mayar, da sashen amsa tambayoyin masu bincike, da sashen mujallu da jaridu, da kuma sashen intanet, inda ake shiga rumbunan mujallun ilimi na duniya.

Ga mai bibiyar siyasa da mulki, sashen da ya fi daraja shi ne na abubuwan da suka shafi Afirka da takardun gwamnati. A irin wannan sashe ake samun gazet, da kasafin kuɗin shekarun baya, da rahotannin kwamitocin bincike, da kundayen digiri na biyu da na uku. Kundayen nan taska ce da ba a cika lura da ita ba, domin da yawansu sun ƙunshi hira da dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, kuma ba a taɓa buga su a matsayin littafi ba. Jami'ar tana ɗora irin waɗannan ayyuka a rumbunta na intanet mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa Zariya.

Farautar rubuce-rubucen hannu

Tun kafin zuwan boko, malaman ƙasar Hausa da Borno da Adamawa sun yi ƙarnoni suna rubutu da Larabci, da kuma Hausa da Fulatanci cikin ajami. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce a kan fiƙihu, mulki, magani, tarihi da waƙa. Waɗannan littattafai sun warwatsu a gidajen malamai da fadoji, cikin gafaka da akwatuna.

Jami'ar Ibadan ce ta fara tattara su a tsare. A shekarun 1950 wani ma'aikacin laburarenta, W.E.N. Kensdale, ya zagaya Arewa yana neman rubuce-rubucen Larabci, ya kuma wallafa jerin sunayensu. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubutun Larabci a jami'ar. A wannan shekarar ce kuma aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, na haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Zariya. Jigon shirin shi ne Farfesa H.F.C. Smith, Baturen Ingila da ya kafa Sashen Tarihi a Zariya, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Murray Last, wanda littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, bayan ya yi nazari a ɗakin littattafan Wazirin Sakkwato Junaidu.

Hanyar da shirin ya fi bi ita ce a roƙi aron littafi daga mai shi, a ɗauki hotonsa, a mayar masa da abinsa. Wannan ya dace da yadda malamai ke kallon littattafansu a matsayin gado da amana. Sakamakon aikin ya sauya yadda ake rubuta tarihin yankin. Maimakon dogaro da rahotannin razdan da di'o kaɗai, masana irin su Yusufu Bala Usman, a bincikensa kan Katsina, sun samu damar auna maganar Turawan mulki da abin da mutanen ƙasa suka rubuta da kansu.

Arewa House

Gidan yana lamba 1, Titin Rabah, Kaduna, a harabar da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna, inda kuma aka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Bayan an raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, an kafa hukumar riƙon ƙwarya don kula da kadarorin da jihohin suka gada tare. A ƙarƙashinta ne aka assasa cibiyar a 1970, da nufin rubuta tarihin Arewa, Abdullahi Smith ya zama daraktanta na farko. A 1975 aka miƙa ta ga Jami'ar Ahmadu Bello.

Cibiyar tana da laburare, da taskar takardu, da sashen rubutun Larabci da ajami, da gidan kayan tarihi mai nuna rayuwar Sardauna da al'adun al'ummomin Arewa. A taskarta akwai takardu da wallafe-wallafen tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa da tsofaffin jaridu. Jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da New Nigerian, wadda ta fara a Janairun 1966, madubi ne na muhawarar zamaninsu. Wanda ke son sanin yadda aka yi ja-in-ja tsakanin NPC da NEPU, ko yadda aka tafiyar da manufar cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa, a irin waɗannan shafuka zai ga abin da aka faɗa a lokacin da ake faɗarsa.

Yadda ake aikin adanawa

Idan tarin takardu ya iso, matakin farko shi ne rubuta daga inda ya fito da sharuɗɗan wanda ya bayar. Sai a kakkaɓe ƙura, a duba ko akwai ƙwari, a cire ƙarafan maƙala takarda masu tsatsa, a zuba a jakunkuna da akwatunan da ba sa cin takarda. Daga nan a tsara jerin abin da ke ciki.

Rubutun hannu yana da nasa wahala. Littattafan malaman yankin nan ba a ɗinke su ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, kuma ba su da lambar shafi. Marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, da ita ake gane jeri idan sun hargitse. Idan babu kwanan wata, akan ɗaga takardar a haske a duba tambarin da ke cikinta. Yawancin takardun ƙarni na 19 daga Italiya aka kawo su ta hanyar Sahara, suna ɗauke da alamar jinjirin wata uku.

Abokan gabar takarda sanannu ne: gara, ɓeraye, yoyon rufi, laimar damina, ƙura da bushewar hunturu, sai kuma gobara. Ɗaukar hoto a zuba a kwamfuta yana rage yawan taɓa asalin takarda, yana kuma kai ta ga mai karatu na nesa, amma shi ma yana buƙatar wutar lantarki, da ajiye kwafi a wurare daban-daban, da sabunta na'urori.

Inda sauran takardun suke

Jami'ar Zariya ba ita kaɗai ke wannan aiki ba. Fayilolin mulkin mallaka na lardunan Arewa suna reshen Kaduna na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, kuma ta gwamnatin tarayya ce. Jami'ar Bayero tana da tarin rubutun hannu a laburarenta, tana kuma kula da Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja. A Yamai, cibiyar binciken al'umma ta Jami'ar Abdou Moumouni tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya aza harsashin tara su. Wasu kuma sun tsallaka teku: littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, sama da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka.

Kuɗi da haɗari

Babbar kafar kuɗin raya laburarorin jami'o'in gwamnati ita ce asusun TETFund. Asalinsa harajin ilimi ne da aka kafa a 1993, bayan yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. Dokar 2011 ta taƙaita shi ga manyan makarantu. Sai dai littattafai da mujallun waje da dala ake biyansu, don haka duk faɗuwar darajar naira tana rage abin da laburare zai iya saye. Aikin taska kuwa, da yake ba gini ba ne da za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto, shi ake fara mantawa idan kasafi ya matse.

Gobarar da ta cinye babban laburaren Jami'ar Jos a watan Oktoban 2016, da ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmed Baba ta Timbuktu a Janairun 2013, sun nuna cewa abin da aka shekara hamsin ana tarawa yana iya tafiya a dare ɗaya.

Yadda ake samun shiga

Ɗalibai da ma'aikatan jami'a suna yin rajista da katin shaidarsu. Wanda ya zo daga waje, ɗan jarida ne ko mai bincike mai zaman kansa, galibi akan nemi ya kawo takardar gabatarwa ko ya rubuta buƙatarsa. A ɗakin taska akan hana shiga da jaka da abinci, kuma ɗaukar hoto sai da izini. Yana da kyau mai bincike ya rubuta lambar kowane fayil da ya duba, domin da ita wani zai iya komawa ya tabbatar da abin da ya faɗa.

Game da takardun gwamnati na yanzu, waɗanda ba su kai ga taska ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowa damar neman su a rubuce, ta kuma wajabta wa hukuma ta amsa cikin kwana bakwai. Dokar ta kuma ɗora wa hukumomi nauyin adana bayanan ayyukansu yadda za a iya samunsu. Wannan sashe na biyu shi ne ya haɗa dokar da aikin taska: kwangilar da aka bayar bana, da bayanan zaman majalisar jiha, da rahoton kwamitin binciken da aka ƙi fitarwa, su ne fayilolin da masu bincike za su nema nan da shekara talatin, kuma za su same su ne kawai idan an ajiye su tun yanzu.