Yadda Bauta Ta Mutu A Gaban Alƙali

Tun zamanin da, malaman ƙasar Sudan ba su bar gardama a kan wanda ya halatta a bautar da shi ba. Wajen shekara ta 1615 Ahmad Baba, malamin Tambutu, ya rubuta fatawa, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda ba ya halatta a sayar da mutanensu. Amma fatawa ba ta hana hari ba. Sa'ad da Bature Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta bayi sun fi rabin mutanen birnin. A karkara kuwa rumada ne cike da su, suna noma gandayen sarakuna da attajirai.

Da Turawa suka kafa mulkinsu a 1900, sai Gwamna Lugga ya iske kansa cikin tsaka mai wuya. Mutanen Ingila suna jira su ji an kashe bauta. Shi kuwa da sarakuna ya yi nufin mulki, dukiyarsu kuma bayi ce. In an saki bayi rana ɗaya, gonaki su kwanta, haraji ya gagara. Saboda haka dokar 1901 ta bi tsakiya. Ta hana hari da cinikin mutane, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne, ta kuma hana kotun Gwamnati ta karɓi bauta a matsayin hujja. Amma ba ta ce riƙe bawa laifi ne ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 aka rufe kasuwannin bayi, waɗanda ke cikin gidaje kuwa suka zauna inda suke.

Bayi da yawa ba su jira ba, suka gudu. Razdanoni suka tsananta musu, aka hana su gona, aka riƙa kiransu 'yan yawon banza. Waɗansu suka shiga tawayen Satiru a 1906, aka hallaka su tare da mutanen garin. Hanyar da hukuma ta yarda da ita ita ce ta fansa. Bawa ya riƙa biyan ubangijinsa murgu don ya sami damar yi wa kansa aiki, abin da ya rage ya tara, sa'an nan ya kawo gaban alƙali a yanka kuɗin fansa, ya biya, a ba shi takarda. Watau nauyin 'yancin sai ya koma kan alƙalai da malaman kotu na En'e.

Nan ne gardama ta yi tsanani. Iyayengiji suka ce halalinsu ne, sun saya ko sun gada, me zai sa a raba su da shi? Bawa ya ce shi ɗa ne, Musulmi, kama shi aka yi a hanyar kasuwa, me zai sa ya sayi abin da aka ƙwace masa? Ba wanda ke da takardar haihuwa, saboda haka ko yaro ya riga ranar nan ta Afrilu ko bai riga ta ba, sai abin da shaidu suka faɗa. Mata su suka fi shan wuya, don sau da yawa mai fansar mace shi ke ɗauke ta, ta fita wani gida ta shiga wani. Alƙali mai tsoron Allah ya sassauta kuɗin fansa. Wanda ke tsoron hakimi ya tsawwala, har bawa ya tsufa bai gama biya ba.

Sannu a hankali al'amari ya juya. A 1926 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawari a Janeba na kawar da bauta. Cikin wannan shekara Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya hau gado, aka karya ƙarfin bayin sarki, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Sai a 1936 aka yi dokar da ta 'yanta kowa, shekara 35 bayan ta farko. Duk da haka gorin asali bai mutu tare da bauta ba, ya daɗe yana ɓata aure da neman sarauta. A Agusta 1950 kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar a kan wahalar bauta, ya tashi cikin Majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, don talaka ya sami bakin magana.

Abin lura ga duk wanda ya riƙi alƙalamin hukuma shi ne, cikin shekarun nan 35 ba Gwamna ke gaban bawa ranar shari'a ba. Alƙali ne, da malamin da ke rubuta sunansa, da dogarin da ke tsaye a ƙofa. Abin da suka yi da shi, shi ya zama doka a gare shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka yi adalci, amin.