Kubanni da rafukan Zariya: Abin da ya kamata a sani game da ƙoƙarin ceto su

Duk shekara idan damina ta gabato, matasan unguwannin birnin Zariya kan fito da shebur da manjagara da baro su yashe kwalbatoci da lambatu. Kafin azahar an tara tsibin laka da leda a bakin hanya. Bayan 'yan kwanaki ruwan sama ya sauko ya mayar da mafi yawan tsibin inda aka ciro shi, daga nan ya wuce rafi. Wannan bayani ya duba inda ruwan Zariya yake fitowa, inda yake zuwa, abin da ke lalata shi, aikin da jama'a suke yi, da kuma hukumomin da doka ta ɗora wa sauran nauyin.

Mene ne kwarin kogi?

Kogi ya wuce ruwan da ake gani tsakanin gaɓa biyu. Kamar yadda rufin soro ke tattara duk ruwan da ya sauka a kansa ya aika da shi ta indararo, haka kowane kogi yake da faɗin ƙasar da ke tara masa ruwa: duwatsu, gonaki, tituna, tsakar gidaje da lungu. Wannan faɗin ƙasa shi ake nufi da kwarin kogi. Duk abin da aka zubar a cikinsa, ko da nisansa da gaɓa ya kai tafiyar awa guda, wata rana zai isa kogin. Shi ya sa masana ke cewa gyaran kogi daga tudu yake farawa.

Rafukan da suka kewaye birni

Babban kogin yankin shi ne Galma, wanda ke gabas da gari. Galma na zuba a Kogin Kaduna, shi kuma ya zuba a Neja. Kubanni, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 21, ya taso ne daga tsaunin Kampagi kusa da Shika. Ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda aka datse shi a 1973 domin samar wa jami'ar ruwan sha, sannan ya bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, arewa da tsohon birni, kafin ya faɗa Galma. Rafukan Malmo, Tukurwa, Maigamo da Goruba ne ke ciyar da shi a sama da madatsar. A kudu da birni akwai rafin Saye, a cikin ganuwa kuwa rafin Kamaca ne ke kwashe ruwan unguwanni. Dukansu a Galma suke ƙarewa.

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta. Ma'ana rafukan nan suna cika su tumbatsa na 'yan watanni, sannan su ƙafe ko su koma siririn ruwa a rani. A lokacin ranin, babban kaso na abin da ke gudana a cikinsu ruwan wanka da wanki ne da ke fitowa daga gidaje.

Yadda tsohon birni yake sarrafa ruwansa a da

Waɗanda suka gina ganuwar Zazzau sun kewaye fili mai faɗi, wanda ya haɗa da gidaje da gonaki da fadamu. Ƙasar da aka gina ganuwa da gidaje da ita daga cikin gari aka haƙo ta, ramukan da aka bari kuma suka zama kududdufai. Kududdufi yana da illarsa, musamman sauro da haɗarin nutsewar yara, amma yana yin wani aiki da ba a cika lura da shi ba: yana karɓar ruwan sama lokacin da ya sauko da ƙarfi, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin maƙwabta su samu.

Yau jama'a sun ƙaru, filayen cikin ganuwa sun cika da gine-gine, an kuma malale tsakar gidaje da siminti. Kududdufai da dama an cike su da shara an yanka fulotai a kansu. Ruwan da a da yake samun wurin zama yanzu sai ya bi lungu da gudu, ya ci gindin katangar ƙasa, ya shiga ɗakuna. Ambaliyar da ake kuka da ita a unguwanni kamar yadda take da alaƙa da yawan ruwan sama, haka take da alaƙa da yadda aka raba fili.

Abubuwa huɗu da ke kashe rafukan

Na farko shi ne shara, musamman ledar ruwa da robobin lemo. Inda babu motar kwashe shara, lambatu ne bola, kuma mutane da yawa na jiran hadari ya haɗu su juye kwandonsu ruwa ya tafi da shi.

Na biyu ƙazantar gidaje da ta sana'a. Zariya ba ta da babbar hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke tattara ruwan bayan gida zuwa matata. Ruwan masai da ya cika, jinin mahauta, baƙin man gareji da ruwan rini duk lambatu suke bi. Wannan ce hanyar da kwalara da taifot ke bi su koma rijiya.

Na uku zaizayar ƙasa. Noma har bakin gaɓa, sare itatuwa domin girki da ɗibar yashi na barin ƙasa tsirara. Ruwa ya kwashe ta ya jibge a madatsa. Masana na sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello sun shafe shekaru suna auna yadda laka ke cinye cikin madatsar Kubanni, wadda aka gina domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 2.6. Duk taɓon da ya kwanta a ƙasanta, gurbin ruwa ya ci.

Na huɗu gini a kan hanyar ruwa. Idan aka matse rafi da katanga ta dama da hagu, ruwan ba ya raguwa, gidan na ƙasa yake faɗawa.

Wa abin ya shafa?

Ko wanda bai taɓa taka bakin Kubanni ba yana cin abin da ya fito daga can. A rani masu lambu na jan ruwan rafin su shayar da latas, kabeji, karas, alayyafo da tumatir, waɗanda ake kaiwa kasuwannin Sabon Gari, Tudun Wada da cikin birni. Binciken da aka yi a jami'ar ya sha gano ƙarafa masu guba, irin su dalma, a ƙasar lambunan da ake shayarwa da gurɓataccen ruwa da kuma a ganyayen da aka shuka a kanta. Wanke ganye na rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalmar da shuka ta riga ta zuƙa. Masu lambun ba su ne suka gurɓata ruwan ba. Shi kaɗai suka samu, kuma da shi suke ciyar da iyalansu.

Akwai kuma ɗalibai da ma'aikatan jami'a da ke shan ruwan madatsar bayan an tace shi: gwargwadon dattin ruwa, gwargwadon kuɗin da tacewa ke ci. Sannan akwai ƙauyukan da ke ƙasa a bakin Galma, har zuwa garin Kaduna, waɗanda ke karɓar abin da Zariya ta zubar.

Abin da jama'a suke yi

Ginshiƙin aikin shi ne gayya. Tun kafin zuwan Turawa da aikin gayya ake gyaran ganuwa, kuma har yau da shi ake yashe lambatu. Mai unguwa ya sanar, liman ya tunatar bayan sallar asuba, ƙungiyar matasa ta tara kuɗin hayar baro, 'yan kasuwa su kawo ruwan sha. Tsaftar ƙarshen wata da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ɗora wa ƙasa a tsakiyar shekarun 1980 ta tarar da wannan al'ada a ƙasa. Dattawa kuma har yanzu suna tuna duba-gari, jami'in tsafta da ke shiga gida ya leƙa randa da masai, ya ci tarar wanda ya saɓa.

Rukuni na biyu su ne 'yan jari-bola. Suna tsince ƙarfe, gwangwani da roba su sayar wa dillalai. Ba domin kogi suke yi ba, domin abinci ne, amma duk buhun robar da suka ɗauke buhu ne da bai shiga Kamaca ba. Ledar ruwa, wadda ba ta da nauyin da zai kawo kuɗin kirki, ita ce aka fi bari a baya.

Na uku dashen itatuwa. Marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello har zuwa 2004, ya yi suna da dasa itatuwa a harabar Samaru. Saiwar itace na riƙe ƙasa, inuwarsa na ba ciyawa damar tsira, ciyawa kuma na tace ruwa kafin ya isa rafi. Darasin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka koma renon tsiron da ke fitowa daga kututturen itatuwan da aka sare, maimakon dogaro da dashe kaɗai. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ta yi nasara ne domin manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne.

Inda gayya ke tsayawa

Gayya na iya fitar da shara daga lambatu, amma ba ta da motar da za ta kai ta juji. Ba ta iya hana a ba da takardar fili a bakin rafi, ba ta iya gina matatar ruwan ƙazanta. Kuma unguwa tana gyara iya nata ne: idan na sama bai gyara ba, na ƙasa aikin banza ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matsalar ta ƙara tsananta ne domin kogin ɗaya ne, masu iko da shi kuwa da yawa. Kubanni ya ratsa ƙananan hukumomin Giwa, Sabon Gari da Zariya, ga kuma jami'a mallakar tarayya a tsakiya.

Nauyin wa?

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara da ƙazanta. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. A matakin jiha, KEPA ce ke kula da muhalli, KASUPDA ke ba da izinin gini, KADGIS kuma ke riƙe da rajistar filaye. A matakin tarayya akwai NESREA, wadda aka kafa a 2007, kuma tun 2009 take da ƙa'idojin kare gaɓar koguna, fadamu da wuraren da ke tara ruwa. Sashe na 20 na tsarin mulki ya ce wajibin gwamnati ne ta kare ruwa, iska da ƙasa.

Batun kuɗi ma akwai inda za a tambaya. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, shirin da aka gina kan gyaran kwarin koguna, kuma Kaduna na ciki. An kuma kashe biliyoyin naira a aikin ruwan Zariya, wanda ya haɗa da madatsar Galma a Kuzuntu da matatar da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, aka buɗe ta a 2017. Matata komai girmanta da ruwan kogi take aiki.

Hanyoyin da wasu suka bi

A Kano an zaɓi a zuba wa Jakara kankare a shimfiɗa titi a kansa. Hakan ya ɓoye rafin daga ido, amma ƙazantar na ci gaba da gangarawa zuwa ga masu lambun da ke ƙasa. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu akasin haka aka yi: tsakanin 2003 da 2005 aka rushe gadar sama aka tone rafin da aka binne ƙarƙashinta. Fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024, wadda ta nutsar da babban ɓangaren Maiduguri, ta nuna abin da sakaci da madatsa ke jawowa.

Tambayoyin da mai karatu zai iya yi

Nawa ƙaramar hukumarka ta ware wa shara da magudanun ruwa a kasafin bana, nawa aka fitar? Wace mota ce za ta kwashe abin da aka yaso ranar gayya, kuma ina za ta kai shi? Wa ya sa hannu a takardar filin da a da kududdufi ne? Wane aiki ACReSAL ta tsara wa kwarin Kubanni da Galma? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumomin tarayya irin waɗannan tambayoyi, ta kuma ba su kwana 7 su amsa. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma kuwa a unguwa suke, kuma za su dawo neman ƙuri'a. Ƙungiyar matasan da ta iya tara mutane su shiga lambatu da shebur za ta iya tara su su je sakatariya da takarda kafin ruwan farko ya sauka.