Kula da kwamfuta

Kula da kwamfuta shi ne duk aikin da ake yi domin na'urar ta daɗe tana aiki, kuma bayanan da ke cikinta kada su salwanta. Aikin ya kasu kashi biyu, kamar yadda ita kanta kwamfutar ta kasu: akwai sassan jiki, waɗanda ake gani a taɓa, akwai kuma manhaja, wato umarnin da ke gaya wa sassan abin da za su yi. Sanin wannan bambanci shi ne matakin farko na gane matsala, domin kwamfutar da ke jan jiki saboda ƙura ta toshe fankarta, maganinta daban da na wadda ƙwayar cuta ta shiga.

Sassan jiki

Dukkan sassan ciki suna haɗuwa ne a kan babban allo ɗaya. A kansa CPU take, wadda ake kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke yin lissafi, kuma tana cikin sassan da suka fi ɗaukar zafi. RAM wurin ajiya ne na wucin gadi, da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke cikinsa ya goge. Ma'ajiya ta dindindin iri biyu ce: tsohon faifai mai juyawa, wanda yakan yi zagaye 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da kuma SSD, wadda ba ta da abin da ke motsi a ciki, don haka ta fi sauri da jure jijjiga. Sauran sassan sun haɗa da allon kallo, madannai, linzami, fanka, batir da caja.

Manhaja

Babbar manhaja ita ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, kamar Windows ta kamfanin Microsoft, macOS ta Apple, da Linux wadda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991. A kanta ake ɗora ƙananan manhajoji na rubutu, lissafi ko shiga intanet. Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba 2021, sannan ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan ya shafi masu sayen kwamfutoci na hannu, domin da yawa daga cikin tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu irin waɗannan na iya komawa Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne.

Yanayin Kaduna da Arewacin Najeriya

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta, abin da ya ƙara wa ɗalibai buƙatar sanin na'urar. A unguwanni irin su Sabon Tasha, da ke ƙaramar hukumar Chikun a kudancin kogin Kaduna, ɗalibai da masu shagunan buga takardu suna fama da abubuwa uku da ke rage wa kwamfuta kwana.

Na farko ƙura ce. A lokacin hunturu, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, iska na kwaso ƙura mai laushi daga hamadar Sahara. Fanka na zuƙo ta, ta taru a ƙofofin iska, sai zafi ya rasa hanyar fita.

Na biyu zafi ne. A bazara, musamman Maris da Afrilu, zafin rana a Kaduna kan haura digiri 35. Idan CPU ta yi zafi fiye da ƙima, takan rage gudu da kanta, ko na'urar ta mutu ba zato.

Na uku wutar lantarki ce. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya ita ce bolt 230, amma wutar da jama'a ke kira ta NEPA, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa a jihohin Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, takan ɗauke ta dawo. Dawowarta da ƙarfi, ko sauyawa zuwa janareta, na iya ƙona caja ko babban allo. Da damina kuma tsawa kan bi ta waya ta yi ɓarna.

Hanyoyin kulawa

Ana rufe kwamfuta da ƙyalle idan an kashe ta, a riƙa share ƙofofin iska da burushi mai laushi bayan an cire ta daga wuta. Ba a ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan katifa ko filo tana aiki, domin suna toshe mata iska. Kwamfutar tebur na buƙatar UPS, wanda ke riƙe wuta na 'yan mintoci har a adana aiki a kashe na'urar yadda ya kamata. Idan hadari ya taso, cire waya daga bango ya fi komai tsaro.

Ta ɓangaren manhaja, sabuntawa a kan kari na toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Harin WannaCry na watan Mayu 2017, wanda ya shafi ƙasashe kusan 150, ya kama kwamfutocin da ba a sabunta ba ne, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris na shekarar. Filashin da ke yawo daga shago zuwa shago ma yakan ɗauko ƙwayar cuta, don haka ana bincikensa kafin a buɗe.

Adana bayanai

Ana iya sayen sabon batir ko fanka, ko a kai na'ura wajen mai gyara, amma rubutun kammala karatu ko lissafin shago idan faifai ya lalace da wuya a dawo da su. Shawarar da masana ke bayarwa ita ce a mallaki kwafi uku na duk muhimmin fayil, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri daban, kamar Google Drive. Kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara, ana fara kwashe bayanai, a kuma fita daga asusun imel da na banki.